Amsa: Gerry Adams ne ya kafa Sinn Féin?

A'a ɗan'uwa, Arthur Griffith ne ya kafa wannan jam'iyyar siyasa ta Ireland a 1905, tun ba a haifi Adams ba. Éamon de Valera ya karɓi ragama a 1917, ya fice a 1926 ya kafa wata jam'iyyar, Fianna Fáil.

Adams ya gaji Ruairí Ó Brádaigh a 1983, ya riƙe shugabancin har 2018. Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne taron 1986, lokacin da jam'iyyar ta amince 'yan takararta su zauna a majalisar dokokin Ireland da ke Dublin in sun ci zaɓe, maimakon ƙaurace mata kamar da. Ó Brádaigh bai yarda ba, ya tashi ya fice daga zauren, magoya bayansa na biye. Wannan matakin ya share fagen yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 kan rikicin Ireland ta Arewa.

Yanzu Mary Lou McDonald ce shugaba, 'yar Dublin.