Tambayoyin Masu Karatu: Naman kazan da Allah ya kawo bayan gida

Tambaya: Malam, barka da aiki. Shekaranjiya bayan ruwan sama yarona ya tsinko naman kaza cike da faranti a ciyawar da ke gindin itatuwa bayan gidanmu. Farare ne, manya, kamar laima, amma ƙarƙashin waɗanda suka girma ya ɗan yi kore-kore. Surukata ta ce in jefa albasa a tukunyar, idan ba ta yi baƙi ba to lafiya lau ne. In dafa?
Wata uwa, Aboabo, Kumasi

Amsa: Hajiya, kada ki dafa. Kwashe su yanzu ki kai inda yara da awaki ba za su kai ba.

Wannan koren da kika gani shi ne abin da ya tsayar da ni. Akwai wata laimar kwaɗi da masana ke kira Chlorophyllum molybdites, tana son ciyawa a ƙasashe masu zafi. Sama fari da ɗan ɓawo-ɓawo ruwan ƙasa, zobe a wuya, ƙarƙashi yana farawa fari ya rikiɗe kore. Ki ciro hular ɗaya ki kife ta a kan farar takarda ta kwana, da safe za ki ga ƙura koriya. Wanda ya ci, cikin awa 1 zuwa 3 amai da zawo za su taso masa, wani lokaci har da jini. Babba yakan sha da ƙyar, yaro kuwa ruwan jikinsa ke ƙarewa.

A gaishe min da Inna, amma albasa ba ta san guba ba. Haka cokalin azurfa, haka zancen wai idan katantanwa ta ci to mutum ma zai iya.

Ni ma ina son domo, wato naman kazan da ake ci, a miyar kwakwa, in na shiga kasuwar Kejetia da damina ba na wuce ta. Amma matan da ke kawo ta sun san inda take fitowa, a ruɓaɓɓen kututturen kwakwar manja. Sibre kuma, wani naman kazan da ake ci, a kan suri take, da doguwar saiwa da ta nutse har gidan gara. Ilimi ne na gado, ba na yaron da ya fita wasa ba.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce Amanita phalloides, 'yar asalin Turai da ta bazu Amurka, Ostiraliya da Afirka ta Kudu. Tana kama da domo ƙwarai, don haka ki faɗa wa 'yan'uwa da ke can. Domo ba ta da zobe, ƙarƙashinta kan koma ruwan hoda; waccan tana da zobe, ƙarƙashinta fari. Gubarta ba ta mutuwa a wuta. Sai an yi awa 6 zuwa 24 kafin ciki ya murɗa, sannan mutum ya ji sauƙi har a ce ya warke, alhali hanta ce ke lalacewa. Rabin hula ɗaya na iya kashe ƙato.

Ki tambayi yaron a hankali, ba da tsawa ba, ko ya ɗanɗana. Idan ya ce e, kada ki jira amai, kada ki ɗura masa manja. Ki kira lambar gaggawa 112 ko ki ɗauke shi zuwa asibitin Komfo Anokye, ki faɗi lokacin da ya ci. Ki tafi da naman kazan guda biyu har da gindinsu, a naɗe cikin takarda, don leda tana sa su narke kafin likita ya gani.