Da gaske ne an taɓa ciniki da ƙwayar koko?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske ne ƙwayar koko, wadda ake yin cakulan da ita, ta taɓa zama kuɗi. Ƙwarai kuwa. A zamanin da, mutanen Aztek na ƙasar Meziko da ita suke sayayya, har haraji ake biya da ita. Akwai ma 'yan damfara da ke fafe ƙwayar su cusa laka! Mutanen Aztek kam ba cin kokon suke yi ba, sha suke yi, ga ɗaci ga barkono. Turawan Sifen ne suka kai shi Turai, aka zuba masa sukari. Cakulan da ake ɓantara kuwa sai a 1847 kamfanin Fry na Ingila ya fito da shi, na madara a 1875 a Suwizalan, wanda ni dai zaƙinsa ya yi mini yawa.