Amsa ga jikata kan kulle da matan zamanin da

Kishiyata, saƙonki ya iso, ƙaninki ya karanta mini har sai da ya gaji. Wai kin ji a makaranta cewa a zamanin da matan talakawa sun fi matan masu kuɗi 'yanci, tunda su ba a kulle su, shi ne kike tambaya ko kulle al'adar sarakuna ce kawai. Na yi dariya, daga baya kuma gabana ya faɗi, don na san ba tarihi ne ya dame ki ba. Maganar yaron nan ce da ya ce ba za ki yi aiki ba in an ɗaura.

Abin da malaminku ya faɗa akwai ƙamshin gaskiya. Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kulle. Shi ne dai ya gina gidan sarki na yanzu, ya kafa kasuwar Kurmi, a zamaninsa kuma Shehu Maghili ya zo Kano. Amma kada ki ɗauka matan cikin gidan nan zaman kashe wando suke yi. Madaki Auwa, mahaifiyar Sarki Abdullahi ɗan Rumfa, ita ta riƙe gari lokacin da ɗanta ya fita yaƙi, wani babban basarake da ake kira Dagaci ya so tayar da fitina, ƙarfinta ne ya hana. Mace ce, amma maganarta na da ƙarfi a gari.

Ita kuwa matar talaka, fitar da kike kira 'yanci, rijiya ce da tulu a kan gammo, da itace, da gona, ta dawo ta yi sussuka ta yi surfe, ta durƙusa a dutsen niƙa. Dare ya yi ta ɗauki mazari. Wannan rayuwar ba ta canza sosai ba har zuwa tasowarmu, ni na gan ta da idona.

Ina yarinya, tun ana kashe sule da sisi, Iya kakata ta tafi da ni birni kai zare. Damina guda ta yi tana tara shi. Ita ta gurje audugar, ta shiɓe ta da baka, ta kaɗa, tana dangwalo alli da yatsa don kada zaren ya suɓuce. Muka tashi da asuba a ƙafa, ni da ƙunshin abawa a ka, ita da siririn zaren, wanda ba ta yarda kowa ya taɓa. Gidan wani attajiri ne a bayan Kurmi. Muka wuce zaure, muka wuce shigifa, sai ga tsakar gida fes, an shafe ta. Uwargidan na zaune bakin gado, tasoshi jere a bayanta har kusan rufi, hannunta ya sha lalle, haƙora jawur da fure da goro. Ta ja zaren Iya tsakanin yatsu biyu, ta ɗaga shi wajen haske, ta faɗi kuɗinsa ba ƙari ba ragi. Ta san farashin auduga na ranar, ta san na baba, ta san masaƙin da ke cin bashi bai biya. Yara 'yan talla da dillaliya ke kawo mata labari, ita ce kuma uwar adashin unguwar.

Da aka gama ciniki sai ta rage murya ta ce, "Iya, wai da gaske kasuwar ta kai bakin Jakara yanzu?" Kasuwar da muke jin hayaniyarta daga inda muke zaune! Tun da aka kawo ta amarya ba ta taka ta ba. Ta tambayi hanya, ta tambayi ko gero ya yi kai a wajenmu, Iya na ba ta labari tana sauraro har furar da aka damo mana ta kwanta.

A can gefe kuwa wata tsohuwa ce durƙushe tana niƙa, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, gwiwoyinta duk kanta. Ba wanda ya gabatar da ita. A hanya Iya ta ce mini uwar wannan tsohuwa sayo ta aka yi, ita kuma a gidan aka haife ta. Na ce, Iya, ni dai irin gidan nan nake so. Ta tsaya ta cire ƙaya daga fason ƙafarta, ta ce, "In kin ga mace a inuwa, wata ce ke sha mata rana." Na ce to ke kin fi ta ke nan, tunda kina zuwa ko'ina? Ta ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Iya ta sha gaya mana cewa da bauta ta ƙare, matan da aka 'yanta da yawa su da kansu suka ƙi komawa gona, suka nemi a kulle su, don a wurinsu fita noma alamar baiwa ce. Kin ga abin da wata ke gudu, wata nemansa take. Sai a 1936 ma aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa, ba wani zamani ne mai nisa ba.

Abin da ke ɓata mini rai da ku 'yan yanzu, kun ɗauko rabin labari kuna yaƙi da shi a waya. Ke ba ki taɓa ɗaukar taɓarya ba, inji ke muku niƙa, kuma a gidanku akwai 'yar aiki da aka kawo daga ƙauye. Kin taɓa tambayar ta ko tana son karatu? Shekarunta ba su kai na ƙanwarki ba.

Batun hukuncin kulle a addini, wannan ki kai wa malamai, ba fagena ba ne. Maganar aikinki kuwa, kada ki bari sai an shafa fatiha. A zauna gaban babanki da waliyyin yaron kafin a sa rana, kowa ya faɗi abin da ya yarda da shi a fili, da shaidu. Ki ce wa uwarki ta kira ni bayan magariba, ita ma ina da magana da ita a kan yarinyar nan.