Dasashin haƙorin ƙurya yana kumbura yana sacewa: dole sai an cire?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekaruna 23. Haƙorina na ƙarshe na ƙasa ya leƙo amma ya ƙi fitowa gaba ɗaya. Naman da ke kansa yana kumbura yana zogi, wani lokacin har mugunya nake ji a baki. Na sha amoksisilin ya lafa, bayan wata biyu ya dawo. Wannan ne karo na uku. Dole sai an cire shi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Wannan shi ne haƙorin da ke fitowa a ƙarshe, yawanci tsakanin shekara 17 zuwa 25. Kafin ya zo sauran haƙora sun riga sun cinye wurin, sai ya maƙale a ƙashin muƙamuƙi ko ya fito a karkace, rabinsa a waje, rabi a ƙarƙashin dasashi. Naman da ya rage a kansa sai ya zama kamar aljihu: guntun abinci ya shige, buroshi bai kai ba, ƙwayoyin cutar da ba sa son iska su samu mafaka. Da zarar wurin ya kumbura, haƙorin sama ya riƙa taune shi duk sanda kika rufe baki, kumburin ya ƙaru, taunar ta ƙaru.

Shi ya sa magani ke kwantar da ciwon kawai. Amoksisilin ya rage ƙwayoyin cutar, amma aljihun yana nan, zai sake cika. Ba ma ko da yaushe ake bukatar irin wannan maganin ba. Likitan haƙori yakan rubuta shi, ko metironidazol wato Flagyl, idan ciwon ya fara bazuwa: zazzaɓi, kumburin kunci, kaluluwa a ƙasan haɓa, ko baki ya ƙi buɗuwa. Shan sa duk lokacin da ciwo ya motsa koya wa ƙwayoyin cutar taurin kai ne kawai.

Kafin ki ga likita, ki zuba rabin cokalin shayi na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ki guntsa, ki karkatar da kai ruwan ya kwanta a wurin na sakan 30, sau huɗu a rana, musamman bayan cin abinci. Ruwan kurkurar baki mai kilohekzidin, irin Corsodyl, sau biyu a rana yana taimakawa, amma kada ya wuce mako biyu domin yana rina haƙori. Ki ci gaba da goge wurin a hankali da buroshi mai laushi ko da yana fid da jini. Barin sa don gudun zafi ne ke ƙara dagula shi. Don zogi, farasitamol giram 1 duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini. Ibufurofen miligiram 400 duk awa 8 bayan cin abinci ya fi kama kumburi, sai dai ba na mai juna biyu ba ne, ko mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko asmar da irin maganin ke tayarwa. Kada ki ɗora asfirin a kan dasashin, ƙona naman yake yi, kuma ki bar sakace wurin da tsinke.

A asibiti za a wanke ƙarƙashin naman da sirinji, a ɗauki hoton muƙamuƙi. Idan haƙorin a tsaye yake kuma akwai fili, ana iya yanke naman kawai, ko da yake yakan sake tsirowa. Idan a kwance yake ya jingina da na gabansa, cirewa ce mafita, don zai iya jawo wa maƙwabcin ruɓewa. Ƙa'idar da hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Birtaniya, ta fitar a 2000 ita ce ba a cire wanda ba ya damun mutum, amma idan ciwon ya maimaita ko ya zo da tsanani, a cire. Ke da kike karo na uku, ni dai shawarata a cire.

Ana yin aikin da allurar kashe zafi, galibi bayan kumburin ya sauka. Hoton zai nuna kusancin saiwar da jijiyar da ke kai ji zuwa leɓen ƙasa. Idan an taɓa ta leɓen kan yi nauyi ya daina jin taɓi, yawanci na ɗan lokaci. In saiwar ta manne da ita, likita kan cire kan haƙorin ya bar saiwar. Bayan cirewa, kada ki kurkure baki ko ki yi ta tofar da yawu a awa 24 na farko, kada gudan jinin da ya toshe ramin ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe. Zoginsa kan taso bayan kwana biyu zuwa huɗu, kuma ya fi kama masu shan taba.

Amma idan baki ya kasa ɗaukar yatsu biyu a tsaye, haɗiya ta yi wuya, kumburi ya gangaro wuya ko ƙarƙashin harshe, ko numfashi ya fara sarƙewa, ki tafi sashen gaggawa nan take, ko da tsakar dare ne. Irin wannan kumburin yana iya toshe hanyar numfashi cikin awoyi kaɗan.