Amsa ga mai tambaya kan kalmar "edit"

Wa alaikumus salam, Malama. Kin tambaya ma'anar "edit", inda ta samo asali, da kuma ko ɗaya suke da "revise". Shekaruna goma sha biyu ina gyaran rubutun mutane kafin a kai maɗaba'a, don haka tambayar nan ta zo gida.

Asalinta Latin ne. Akwai kalmar "edere", ma'anarta fitarwa ko miƙa wa jama'a. Daga nan aka samu "editor", wadda ta shiga Turanci a ƙarni na 17 da ma'anar mai fitar da littafi ga jama'a. Abin da zai ba ki mamaki shi ne "editor" ta riga "edit" zuwa. Sai a ƙarni na 18 Turawa suka gutsure wutsiyar sunan suka samar da aikatau, kamar yadda daga baya suka ciro "televise" daga "television". Ɗa ne ya haifi uwa ke nan. Da farko ma'anarta wallafawa ce, sannan ta koma shirya rubutu domin wallafawa.

'Yan'uwanmu na Nijar da ke cikin zauren nan za su shaida, a Faransanci tsohuwar ma'anar na nan da ranta. "Éditeur" mai buga littafi ne ya fitar, shi kuwa wanda muke kira babban edita a gidan jarida su "rédacteur en chef" suke ce masa. Mu a Najeriya ta Turanci muka aro "edita", kuma ta daɗe a bakinmu. Kujerar da Abubakar Imam ya riƙe ke nan a Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939.

Ita kuwa "revise" tushenta sake dubawa ne, wato bita. Galibi mai rubutun ne da kansa yake komawa ya canja tunani, ya ƙara hujja, ya rushe babi ya sake gini. Shi ya sa ɗalibi a makarantunmu ke amfani da ita wajen bitar karatu kafin jarrabawa. "Proofread" ita ce ta ƙarshe: farautar kuskuren bugu kawai, ba a taɓa ma'ana.

Wannan bambancin na sha wuya kafin na gane nauyinsa. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo min labarinta, shafi ɗari da ashirin, ta ce in yi mata "editin". Na zauna da jan biro kwana tara. Na yanke shafi shida na gaishe-gaishen da ba su kai labarin ko'ina ba, na ɗauko rasuwar mahaifin yarinyar daga tsakiya na kawo gaba, na sa alamar tambaya a inda jarumar ta bar gida da azahar amma ta isa maƙwabta da hantsi. Da ta buɗe ta ga ja ko'ina, idonta ya cika da hawaye. Ashe ita abin da take nufi in raba mata "shine" ya koma "shi ne", in sa ƙugiya inda "ƙasa" ta zama "kasa", "baƙi" ya zama "baki". Har yau abin na damuna, domin aikin da na yi daidai ne, amma ba shi ta nema ba. Tun daga ranar duk wanda ya ce "editin" sai na tambaye shi: tacewa kake so ko gyaran ƙa'idar rubutu? A ganina "tace" ce ta fi kama ma'anar, don mai tace koko yana zubar da dusa ne, ba ya ƙara gero daga gidansa.

Wajen amfani, "edit" galibi tana son a ambaci abin da aka yi wa aikin: rubutu, hoto, sauti ko bidiyo, har da saƙon da kika gyara bayan kin ɗora a Facebook. Idan aikin ya wuce sai ki ce "edited", da t ɗaya, nan ne da yawa ke tuntuɓe. In kuma kin ji "edit out", cirewa ake nufi, kamar yadda ake yanke tarin mai magana daga hirar rediyo kafin a saka ta.