An ce za a sa wa ɗana kyamara a hanci saboda minshari, ko akwai haɗari?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa biyar. Kusan shekara guda ke nan kullum bakinsa a buɗe, hanci a toshe, majina ba ta yankewa. Da dare yana minshari kamar wani babba, wani lokaci sai ya yi tsit kamar numfashi ya ɗauke, can kuma ya zabura. Mun yi hoton wuya aka ce naman hanci ne ya yi girma, amma likitan kunne da hanci ya ce sai ya sa masa wata 'yar kyamara ta hanci kafin ya yanke shawara. Kakarsa kuma ta ce beli ne, a kai shi wurin wanzami a huta. Tunda hoto ya riga ya nuna, mene ne amfanin kyamarar? Kuma ba za ta ji masa ciwo ba?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya. Shawarata ita ce ki bari a duba shi da na'urar, kuma kada a ja lokaci. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bayaninki shi ne wannan shirun da yake yi cikin barci sannan ya zabura, domin alama ce ta cewa hanyar iska tana rufewa na ɗan lokaci.

Naman da ake magana a kai likitoci suna kiransa adinoyid. Kowane yaro yana da shi, halitta ce, ɗan'uwan tonsil ne (naman nan guda biyu da ke gefe da gefen maƙogwaro), kuma aikinsu ɗaya: taimaka wa jiki gane ƙwayoyin cutar da ke shigowa ta hanci da baki. Yana can ƙarshen hanci, a saman ganda ta baya, daidai inda hanci ke haɗuwa da maƙogwaro. Yakan kai iyakar girmansa tsakanin shekara 3 zuwa 7, daga nan ya riƙa motsewa, zuwa ƙarshen shekarun samartaka ya kusa ɓacewa a yawancin yara. Ɗanki ke nan yana tsakiyar shekarun da abin ya fi damun yara.

Matsalar ita ce wurin da yake a ɓoye ne. Ko yaro ya wangale baki an haska tocila, tonsil za a gani da beli, shi yana lungu a sama. Ta ƙofar hanci ma ido ba ya kai wa gare shi. Likitan ƙasar Denmak, Wilhelm Meyer, wanda ya bayyana wannan ciwo a 1868, da yatsa ya gano shi, ya zura ta baki ya lalubo bayan ganda. An daɗe ana haka, ana kuma sa ɗan madubi a maƙogwaro, abin da da wuya yaro ɗan shekara biyar ya jure.

Hoton da kuka yi ba ɓarnar kuɗi ba ne. Inda babu na'urar leƙawa, shi ake dogara da shi, kuma yana taimakawa. Ana auna kaurin naman a kwatanta da faɗin hanyar, idan ya kai kashi 80 cikin 100 a ce ya yi girma. Sai dai inuwa ce ta gefe guda, da aka ɗauka cikin ƙiftawar ido. In yaro yana kuka, ko ya haɗiyi yawu, ko ya karkata kai a daidai lokacin, ganda takan ɗaga, hanya ta fito a tsuke fiye da yadda take. Majina mai kauri ma takan yi kama da nama a hoto. Abu mafi muhimmanci kuma, hoton ba ya nuna abin da ke cikin hancin kansa.

Ga yadda ake yin dubawar, don ki san abin da za ki tarar. Na'urar wata siririyar igiya ce mai lanƙwasa, ta yara kaurinta bai kai milimita 3 ba, ba ta fi tsinken ashana kauri da yawa ba, da fitila da idon kyamara a bakinta. Ba a sa yaro barci, babu allura, babu yanka. Yawanci akan fesa magani a hanci mai kashe zafi da rage kumburi, a jira 'yan mintoci. Maganin yana da ɗaci idan ya gangara maƙogwaro, gara ki faɗa masa tun a gida. Za ki zauna ki ɗora shi a cinya, bayansa a ƙirjinki, ki sa ƙafafunsa tsakanin gwiwoyinki, ki rungume hannayensa, nas ta tallafe masa kai. Likita zai bi ƙasan hanci a hankali har ya isa baya. Minti ɗaya ne ko biyu. Zai ji kamar ana masa susa a can ciki, ko kamar ruwa ya shiga hanci, ido ya kawo hawaye, wataƙila ya yi atishawa. Yara da yawa suna kuka, kuma galibi kukan riƙewar ne da tsoro. Kada ki ce masa ba za a yi masa komai ba. Ki ce za a leƙa hancinsa da 'yar fitila, zai ji wani iri, kina riƙe da shi har a gama. Yaron da aka gaya wa gaskiya ya fi tsayawa.

Haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai. Jefi-jefi akan samu ɗan haɓo wanda ke tsayawa da kansa. In an fesa maganin kashe zafi, a dakata da ci da sha kamar rabin awa, har maƙogwaro ya dawo daidai, don kada ya ƙware. Ki sanar da likita idan yaron yana da matsalar jini ba ya tsayawa da wuri, ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa. Kuma in ranar ta zo yana fama da mura mai ƙarfi, ki faɗa, domin mura tana ƙara kumbura naman, sai a ga abin ya fi yadda yake a kullum.

Abin da likita ke gani a allo shi ne dalilin duk wannan. Bayan hanci akwai ƙofa guda biyu, dama da hagu, inda iska ke faɗawa maƙogwaro. Naman yana saukowa daga sama, ja-ja mai gunduwa-gunduwa, ya tare ƙofar kamar labule. Likita zai kimanta nawa ya tare: kwata, rabi, kashi uku cikin huɗu, ko fiye. Da haka da yawa daga cikinmu ke kasa shi mataki huɗu. Zai ga yadda ratar da ta rage ke tsukewa idan yaro ya ja numfashi, abin da hoto ba zai taɓa nunawa ba. Zai ga ko akwai mugunya kwance a kan naman. Sannan zai duba gefe, inda wata 'yar hanya ke tashi daga bayan hanci zuwa cikin kunne tana kai masa iska. Idan naman ya danne bakinta, ruwa yakan taru a bayan dodon kunne, ji ya ragu ba tare da ciwo ba. Irin yaran nan ne ake cewa ba sa jin kira, ko suna ƙure ƙarar talabijin, har a sha dukansu a makaranta alhali ba taurin kai ba ne. Don haka ki nemi a duba kunnuwansa a auna jinsa a wannan zuwan.

A kan hanyar shiga ma akwai abin dubawa, domin ba kowane toshewar hanci ne adinoyid ba. Wani yaron borin jini ne na hanci, ƙurar hunturu da hayaƙin girki ko na maganin sauro suna tayar masa, fatar cikin hancin ta kumbure ta yi fari-fari. Wannan ko an cire naman, toshewar tana nan. Wani ƙashin tsakiyar hancin ne ya karkace. Wani kuma ƙwayar gyaɗa ce, ko wake, ko dutsen ado, ko guntun soso ya cusa tun watanni, alamarsa majina mai wari daga hanci ɗaya. Akwai kuma tsiro da ba a cika samu ba amma ba a wasa da shi, musamman ga saurayi matashi mai toshewar gefe ɗaya da yawan haɓo. Likitan da ya ce sai ya gani da idonsa kafin ya yi maganar tiyata, ya yi abin da ya dace.

Amma girman da aka gani a allo ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Akwai yaro mai naman da ya tare fiye da rabi yana barcinsa lafiya lau, akwai mai matsakaici amma tonsil ɗinsa manya, su haɗu su hana shi numfashi da dare. Likita yana ganin yaro ne da rana, a farke, a zaune. Daren kuwa ke kika san shi. Ki ɗauki bidiyonsa da waya yana barci, minti biyu ko uku, a lokacin da minsharin ya yi ƙarfi, ki ɗage rigarsa a ga ko ƙirji yana lotsawa, a kuma ji shirun da zaburar. Ki gaya wa likita in yana gumi da dare, yana kwana da wuya a banƙare, yana fitsarin kwance bayan ya daina, yana gyangyaɗi ko rigima da rana, ko ba ya ƙiba kamar sa'o'insa. In yana da sikila, ki fara da faɗin wannan, domin masu sikila sun fi samun girman wannan nama, kuma ƙarancin iska cikin barci ya fi yi musu illa.

Daga nan ne ake zaɓar magani. In toshewar matsakaiciya ce, akan gwada maganin feshi na hanci irin su mometason da wanke hanci da ruwan gishiri na wata ɗaya zuwa biyu, a sake dubawa. In ta yi yawa, ga ɗaukewar numfashi ko raguwar ji, sai a cire naman ta baki, yaro yana cikin barcin tiyata, ba a yanka fuska ko wuya, wani lokaci tare da tonsil. Barin yaro shekaru yana kokawa da numfashi kowane dare yana taɓa girmansa da karatunsa da jerin haƙoransa, in ya yi tsanani har zuciya yana wahalarwa.

Maganar Kaka kuwa, na san ƙauna ce da tausayin jika. A lallashe ta da girmamawa, a nuna mata cewa beli daban, wannan nama daban. Beli shi ne ɗan naman da ke reto a ƙarshen ganda, kowa yana ganinsa. Adinoyid yana sama da shi ta baya, inda askar wanzami ba ta kaiwa. In an yanke belin, hanci zai ci gaba da toshewa, ga haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Likita ma yana buƙatar ganin belin yadda Allah ya halitta shi: idan ya rabu biyu, yakan nuna akwai ɓoyayyiyar tsaga a ganda, kuma irin wannan yaron in aka kwashe naman duka, magana takan riƙa fita ta hanci. In da hali ku tafi da ita asibitin, ta kalli allon da idonta.

Kafin ranar, ki lura da shi da dare. Idan kika ga leɓɓansa suna sauya launi, ko shirun yana tsawo, ko yana wahalar farkawa, ki kai shi asibiti a ranar, kada ki jira lokacin da aka ba ku.