Furen Lambu a Liyafar Amarya: Amsoshin Tambayoyinku

Wata baiwar Allah mai ɗan lambu a bayan gida ta aiko da tambaya: ƙawayen ƙanwarta za su haɗa wa amarya liyafa a gidanta ranar Asabar da yamma, tana da wardi da ziniya da sanfulawa, tana so ta ƙawata wurin da kanta. Yaushe za ta yanka?

Malama, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki yanka ranar Juma'a da sassafe, kafin rana ta ɗaga, lokacin da karan fure ke cike da ruwan da ya sha cikin dare. Ki shiga lambu riƙe da bokiti mai ruwa, duk wanda kika yanka ki tsoma shi nan take. Minti kaɗan a hannu ya isa iska ta shiga ƙananan jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa zuwa sama, kuma inda iska ta tare, ruwa ba ya wucewa.

Kowane fure da lokacinsa. Wardi ana yankarsa yana toho, da zarar ganyen furen na waje ya fara saki, zai ƙarasa buɗewa a ruwa. Sanfulawa kuma daidai lokacin da rawayen gashinta ya fara ɗagowa daga fuskarta. Ita ziniya ba ta ƙara buɗewa bayan an yanke ta, don haka sai wadda ta gama buɗewa. Ki kama karanta kamar taƙi ɗaya daga ƙasan furen ki girgiza a hankali. In kan ya yi ta lilo, bar ta, ba ta ƙosa ba. In ya tsaya ƙyam, yanke.

Da kin shiga gida, ki zage duk ganyen da zai nutse a ruwa, ki sake datse ƙasan kowane kara da santimita 2 zuwa 3, a karkace, da wuƙa mai kaifi. Almakashi mai dakushi matse kara yake yi, ba yanka ba. Daga nan ki jera su a bokiti mai zurfi, a wuri mai sanyi da inuwa, su kwana suna shan ruwa. Wannan kwanan shi ne rabin aikin. Mutane kan ɓata awa biyu kan wane launi zai bi wane, su tsallake bokiti, sannan kafin baƙi su gama zama fure ya sunkuyar da kai.

Wata kuma ta ce ta ji ana zuba sukari a ruwan fure, shin gaskiya ne?

Gaskiya ne, amma sukari shi kaɗai ɓarna yake yi. Yana ciyar da furen, yana kuma ciyar da ƙwayoyin bakteriya, su kuwa su ne ke toshe bakin kara su sa ruwa ya yi yauƙi da wari. Haɗin da ke aiki abu uku ne a lita 1 ta ruwa: babban cokali 1 na sukari, manyan cokula 2 na ruwan lemun tsami, da rabin ƙaramin cokali na bilic, wato sinadarin nan da ake faranta tufafi da shi. Sukari abinci ne, tsamin yana sa ruwa saurin hawa kara, bilic yana kashe ƙwayoyin. Kada a ƙara bilic da sunan neman inganci, ƙone kara zai yi. Kwalba ko gilashin da za a yi amfani da shi ma a wanke shi da sabulu sosai. In ba za ki yarda ki sha ruwa a cikinsa ba, bai wanku ba.

Tambaya ta uku ta fito daga wani mai sayar da dashe, wanda aka roƙa ya taimaka da jeren furen teburi, ya ce bai taɓa yi ba.

Ɗan'uwa, fara da ganye, ba da fure ba. Ka ɗaura salatif a bakin gilashin, tsaye da kwance, ya zama raga mai ƙananan tagogi, don kowane kara ya sami inda zai jingina. Ka cusa rassan kore tukuna su ba da siffa, sannan manyan furanni, uku ko biyar sun fi huɗu kyan gani, daga ƙarshe ƙanana su cike gurbi. Kana yi kana juya gilashin, domin na teburi ta kowane ɓangare ake kallonsa. Na bakin ƙofa ko kusurwar ɗaki zai iya yin tsawon gilashinsa sau ɗaya da rabi. Na teburin da za a zauna kuwa kada ya wuce santimita 30, in ba haka ba ƙawaye sai sun riƙa leƙe kafin su ga fuskar amarya. Ni dai launi biyu da kore sun ishe ni. In aka tara duk abin da lambu ya haifa a wuri ɗaya, ido ba ya sanin inda zai sauka.

In za ka yi amfani da koren soson nan da masu fure ke jiƙawa su soke kara a ciki, ɗora shi kan ruwa ka bar shi ya nutse da kansa. In ka danna shi, tsakiyarsa za ta zauna a bushe.

Akwai wadda ta tambayi ko za ta iya sa furen a firji. Za ki iya, muddin babu 'ya'yan itace a ciki. Ayaba da tuffa da tumatir masu nuna suna fitar da iskar etilin, wadda ke tsofar da fure da wuri har ya kakkaɓe. Saboda haka ko a teburi a raba su da kwanon kayan marmari, a kuma kauce wa taga mai rana da bakin fanka.

Wata ta sayi lili tana tsoron garin nan mai ruwan goro da ke cikinsa. Tsoronki na kan hanya, yana ɓata farin tufafi. Da furen ya buɗe ki tsinke 'yan kawunan da ke ɗauke da garin. In ya zuba a riga kada a goga ko a jiƙa, a manna salatif a ɗage. Gidan da ke da kyanwa kuma ya haƙura da lili gaba ɗaya, yana lalata mata ƙoda. Haka oliyanda, wata shukar ado mai fure, duk kyanta guba ce, ba ta da wuri a teburin da za a ci abinci.

Idan safiyar Asabar kika tarar wardi ya langaɓe a wuya, kada ki yar. Sake datse ƙasansa, ki kwantar da shi gaba ɗaya, har da furen, a baho mai ruwan ɗumi na kamar awa ɗaya, yawanci yana miƙewa. Ki kuma yanko 'yan ƙari tun ranar Juma'a ki bar su a bokiti, don maye gurbin wanda ya ƙi tashi.